Wandon da Ya Faɗo Daga Hawa na Huɗu

Ustaz Midhat yana jan igiyar kwandon burodi daga barandarsa ta hawa na huɗu, sai ya ji nauyin bai kai na kullum ba. Shekara guda ke nan kwandon nan yana da zango a hanya. Duk safiya idan mai burodi ya saka nasa a ƙasa, igiyar takan tsaya a hawa na uku, daidai barandar Ummu Hazim, kamar ita ce ta gaji don kanta, matar kuma ta ɗora ɗan faranti: yau wake da man zaitun, gobe cuku, ranar Juma'a basbusa, wani kek mai zaƙi. Shi matarsa ta rasu shekara bakwai, ita mijinta shekara tara. Duk benen an san inda maganar ta dosa, har Ustaz ya gama shiri da yayarsa za ta zo nema masa aure ranar Alhamis.

Yau babu faranti. A kan burodin an ɗora wani baƙin wando mai ratsin toka a gefe, an ninke shi tsaf, irin ninkin da mace ke yi idan ranta a ɓace yake.

Ya leƙa ƙasa. Ummu Hazim tana kwashe shanya, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Ustaz, a kan igiyata na tsince shi. Ka ce wa mai shi ta riƙa maƙale shanyarta da kyau, iskar teku ba ta san amarya ba. Allah ya sanya alheri."

Ta shige ciki ta ja ƙofa.

To, wandon dai nasa ne. Shekara talatin yana tsaye gaban allo yana koya wa 'ya'yan Iskandariyya labarin ƙasa, jijiyoyin ƙafafunsa suka kumbura suka murɗe. Wata biyu da suka wuce likita ya ce ya riƙa motsa jiki sanye da matsattsen wando mai riƙe jijiya tun daga ƙugu har idon sawu. Ustaz ya saya a wata unguwa mai nisa inda ba a san shi ba, yana sa shi a ƙarƙashin burgujejen wandon motsa jikinsa, yana shanya shi a bayan ƙofar banɗaki. Abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba, har likitan, shi ne yana jin daɗinsa. Rabon da ƙafafunsa su yi masa sakayau haka tun yana saurayi. Da danshin gari ya sa wandon ya fara wari, sai ya fito da shi baranda bayan sallar asuba, ya ɓoye shi tsakanin tawul biyu. Tawul ɗin suna nan, wandon ne ya yi tafiyarsa.

Da abin ya tsaya nan, da da sauƙi, sai ya sauka matakala goma sha takwas ya ce nawa ne. Amma Ustaz Midhat shi ne ya rubuta takardar ƙorafin da ke manne a bangon gidan motsa jiki na Kyaftin Garib, da kyakkyawan rubutunsa na malamai, inda mutum goma sha tara suka sa hannu suna neman a hana maza shigowa da matsattsen wando. Ya rubuta ta tun kafin ya ga likita, bayan ya ga likita kuma bai janye ta ba, don girma ya riga ya hau kansa. Wanda aka rubuta takardar dominsa kuwa, ko da ba a kama suna ba, Hazim ne, ɗan Ummu Hazim, injiniya mai shekara ashirin da takwas da cinyoyi kamar turmi. Ustaz yana gaya wa kansa cewa tarbiyya yake yi wa yaron tun kafin ya zama ubansa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Kuma yau ɗin nan, bayan la'asar, Kyaftin Garib ya ce zai yanke hukunci.

Ya wuni yana safa da marwa a falo. Sau biyu ya sauka har ƙofarta ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa, sau biyu ya dawo. In ya ce nasa ne, me zai sa ta yarda? Duk unguwa ta san shi ne sarkin yaƙi da wandon. In kuma ta yarda, ya tabbata munafuki a idonta. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai ji ba tun rasuwar matarsa. Ya saba da farantin nan, ya saba da jin motsinta a ƙasa tana jan kujera, kuma a shekarunsa ya san ba kullum ake samun wanda zai damu ko ka karya kumallo ba.

Da la'asar ƙafafun suka fara zugi saboda zirga-zirgar. Ya saka wandon, ya ɗora burgujejen a kai, ya fita.

Gidan motsa jikin yana ƙarƙashin wani bene a unguwar Bakus, ɗaki ɗaya dogo mai warin zufa da man zafi, madubi a bango uku. A ciki kowa kyaftin ake ce masa, daga mai ɗaga kilo ɗari har wanda ya zo jiya. Tun daga bakin ƙofa Alhaji Sabri mai kayan yaji ya tare shi. Shi ne na biyu a sa hannu, mutum ne da ke zuwa ya hau keke minti goma ya yi hira awa biyu. Ya kama hannun Ustaz ya ƙi saki, yana dariya ƙasa-ƙasa.

"Ustaz, ashe kai ma ba ka da dama. Mu muna nan muna tausaya maka, wai gwauro. 'Yar ina ce? An ce 'yar gayu ce, mai sa wandon zamani."

Labari ya riga shi isowa. Matar mai gadi ta ga wandon yana saukowa, ta faɗa wa mai kayan miya, shi ke nan. Abin mamaki, babu wanda ya kalle shi da raini. Dattawan da suka saba ce masa sannu kawai yau har matsa masa suke yi a benci. Wani ya dafa kafaɗarsa ya ce namiji sai da sirri. Ustaz ya ji wani abu mai kama da daɗi ya ratsa shi, don a rayuwarsa ba a taɓa zarginsa da abin burgewa ba. Ya ga hanya a buɗe: ya yi shiru, ya ci nasarar takardarsa, ya zama gwarzon dattawa.

Sai ya hango Hazim ta madubi, tsaye kusa da ƙarafa cikin nasa wandon, hannu a harɗe. Yaron da kullum ke ce masa Kawu yana karɓar jakarsa, yau kai kawai ya gyaɗa masa.

Kyaftin Garib ya kashe kiɗa ya zauna a kan benci. Tsohon ɗan dambe ne da ba ya son rigima, burinsa kowa ya mayar da ƙarfe inda ya ɗauko shi. Ya ce kowa ya faɗi nasa a taƙaice.

Alhaji Sabri bai san taƙaice ba. Ya ce shi ba ya gaba da kowa, amma kekensa yana daidai bayan inda samarin ke tsugunno da ƙarfe, kuma shi mutum ne mai alwala. An ce masa ya kawar da kai, ya kawar dama, madubi. Ya kawar hagu, madubi. Sai da ya koma kallon silin har wuyansa ya ƙage. Ya ce rufe jiki daban, zana jiki daban, wannan wandon bai bar wa mutum komai da zai yi zato ba.

Hazim ya amsa cikin ladabi, wanda ya fi rashin kunya ciwo. Ya ce wando mai faɗi yana kama ƙarfe, ya taɓa ganin wanda ya faɗi saboda haka. Ya ce shi bai taɓa sanin me Alhaji ke sawa ba, don shi ƙarfe ya zo ɗagawa.

"Amma tunda an zo maganar matsewa, Alhaji, singiletin nan taka ma tana neman agaji."

Samari suka kwashe da dariya, Alhaji ya ja singiletin ƙasa ta ƙi rufe cibiya. Daga nan magana ta watse. Wani ya ce a Turai ma haka ake yi, wani ya ce to a koma Turai. Wani tela ya ce matsalar ba matsewa ba ce, masu sayen ƙaramin lamba ne. Wani ya ce ai 'yan ninƙaya a bakin teku sun fi haka, aka ce masa teku ba ta da madubi. Kyaftin Garib ya dafe kai, ya ce mai takarda ya tashi ya rufe magana.

Ustaz Midhat ya miƙe. Ya ciro takardar daga bango, ya gyara tabarau. Ta saman takardar ya ga Hazim yana kallonsa, ba da fushi ba, da irin kallon wanda ya bar uwarsa a gida ba ta ci abincin rana ba. Ko ba haka ba ne, haka Ustaz ya fassara shi, kuma nan take daɗin da dattawa suka ba shi ya gushe.

Ya fara ɗage ƙafar wandonsa, sai ya tuna idon sawu ba hujja ba ne, za a ce safa ce. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya ajiye takardar a benci, ya kwance zariya, ya saki burgujejen wandon ya zube ƙasa.

Madubi uku suka nuna shi ta gaba da baya da gefe: ɗan tumbi a sama, siraran ƙafafu biyu a ƙasa cikin baƙin wando mai ratsin toka. Ustaz ya juya wajen Hazim.

"Hazim, wannan ne wanda ka gani da safe a gidanku?"

Hazim ya matso, ya duba ratsin da gaske kamar mai duba gini. "Shi ne, Kawu."

"To ga amaryar. Wata biyu ke nan muna tare, likita ne ya ɗaura auren."

Dariyar da aka yi sai da mai shagon sama ya leƙo. Alhaji Sabri bai yi ba. Ya kalli Ustaz daga sama har ƙasa, ya tuna bai kamata ya kalla ba, ya mayar da ido silin, yana cewa shi da ya san haka ne da ya fi son labarin farko. Kyaftin Garib ya share hawaye ya yanke hukuncin da tun farko yake son yankewa: mai son matsattse ya sa, amma ya ɗora gajeren wando a kai, kuma a juya keken Alhaji ya fuskanci bangon da babu madubi. Babu wanda ya gamsu, kowa ya koma kan ƙarfensa. Hazim ya ɗauko burgujejen wandon daga ƙasa ya kakkaɓe ya miƙa masa, sannan ya fita waje da waya a kunne.

Rana ta yi sanyi lokacin da Ustaz ya hau matakalar gida. A hawa na uku ya tarar da ƙofa a buɗe, Ummu Hazim na tsaye da mayafi, hannunta da garin fulawa. Ya tsaya nesa kaɗan yadda ya dace, ya fara jawabin da ya tsara a hanya, na likita da jijiya da iskar teku. Ta bar shi ya kai tsakiya.

"Ustaz, shekara shida ina wanke irin wandon nan, Hazim uku gare shi. Kana ganin ban san na maza da na mata ba? Wace amarya ce za ta yi maka wannan ƙugun?"

Da ƙyar ya tambaye ta, to me ya sa.

"Wata biyu yarona yana dawowa gida da ɓacin rai saboda takardarka. Yau da safe abu ya faɗo mini daga sama, na ga ashe mai takardar ma a ciki yake kwana. Na ce bari in ga wanne zai fi sauƙin cirewa, wandon ko girman kan."

Ya sunkuyar da kai. Kunya ta kama shi fiye da ta gaban madubi, amma a ƙarƙashinta wani sanyi ne ke sauka a ƙirjinsa. Ya tambaya a hankali ko yayarsa ta zo ranar Alhamis ɗin.

Ummu Hazim ta kakkaɓe fulawar hannunta, ta kalli ƙafafunsa.

"Ta zo. Kai kuma ka daina wanke shi da ruwan zafi, duk ka kashe robar. In ka cire ka sauko da shi, gobe nake wankin na Hazim."