Sifili Ɗigo Ɗaya Shida Shida

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Malam, ɗansa ya dawo da shi gidansa, ya ba shi ɗakin da ke kusa da falo. A unguwa ana kiran ɗan Injiniya, ko da yake firji da injin wanki yake gyarawa a wani shago bakin titi. Malam kuwa ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koyar da lissafi a sakandare. Yanzu hannun daman ya mutu, bakin ya ɗan karkace, magana tana fita da ƙyar, kalma ɗaya sai ya yi kokawa da ita. Mutanen gidan suna ƙaunarsa, amma sun saba ƙarasa masa zance kafin ya kai ƙarshe.

Wata Asabar da safe Ummi, babbar 'yar Injiniya, ta baje takardunta a teburin falo tana ta tsaki. Jarrabawar lissafi na tafe, ga tambayar da ta tsaya mata a wuya.

“Abba, zo ka gani. Wai a mayar da 0.272727 zuwa firakshan, lamba bisa lamba. Kuma biyu da bakwai ɗin ba sa ƙarewa.”

Injiniya yana rataye da jakar kayan aiki a kafaɗa. Ya zaro waya, ya danna kalkuleta, ya nuna mata. Ta duba bayan littafi ta girgiza kai.

“Su uku bisa goma sha ɗaya suka rubuta. Kai ka ba ni lamba kamar ta waya.”

“To ni da na gudu daga ajin kakanki, me kike so in ce?”

Daga ɗaki sai suka ji Malam yana buga sandarsa a ƙafar gado. Ummi ta leƙa.

“Ka... kawo,” in ji shi. “Amarya, kawo.”

Haka yake kiranta, don sunan marigayiya matarsa aka sa mata. Ta kai masa littafin. Ya ƙura wa tambayar ido, fuskarsa ta washe irin yadda ba su gani ba tun zuwansa gidan.

“Ki ce... lambar... ita ce... eks.” Ya tsaya yana neman numfashi. “Sai ki... ki nin... nin...”

“Ninka?”

Ya gyaɗa kai. Yawu ya ɗan zubo, ya goge da hannun hagu. Wayar Injiniya ta yi ƙara, mai wani otal ne firjinsa ya tsaya da nama a ciki. Ya dubi agogo, ya dubi mahaifinsa da ke fama da kalma ta gaba.

“Baba, ka huta, kada ka wahalar da kanka. Akwai malamin lesin kusa da shago, zan ajiye ta can. Ummi, ɗauko jakarki.”

Malam ya ɗauke ido daga tambayar. Ya miƙa mata littafin.

Sai la'asar suka dawo. Matar Injiniya ta tare shi a ƙofar kicin ta yi ƙasa da murya.

“Tun da kuka fita Baba bai kwanta ba. Kwalin sabuwar fanka ya sa na yanko masa, na haɗa masa da abin rubutu. Abincinsa ma yana can ya huce.”

Suka shiga. Kwalin yana kan cinyarsa, cike da rubutun hannun hagu, lambobin sun karkace kamar za su faɗo. A sama x = 0.2727..., ƙarƙashinsa 100x = 27.2727..., ya ja layi ya ɗebe na sama daga na ƙasa, jelar da ba ta ƙarewa ta cinye 'yar uwarta, saura 99x = 27. Can ƙasa ya fara wani misali da wata lamba, bai gama ba.

Ummi ta faɗa kan kujera tana dariya.

“Ango, ai an riga ka! Malamin lesin ya ba mu gajeriyar hanya. In lamba biyu ke maimaituwa, ka ɗora su bisa casa'in da tara. In ɗaya ce, bisa tara. Ashirin da bakwai bisa casa'in da tara, a rage, uku bisa sha ɗaya. Shi ke nan.”

“Don... me?” in ji Malam.

“Don me me?”

“Casa'in... da tara. Don me?”

Ta ɗaga kafaɗa. “Haka dai ake yi.”

Ya kai yatsa kan misalin da bai gama ba yana bugawa. “In ba... in ba du... duka...”

“Duka ta iya, Baba,” Injiniya ya ƙarasa masa, yana zare kwalin a hankali ya jingina shi da bango. “Ka ga jikarka ta gaje ka. Bari a ɗumama maka abinci.”

Malam ya daɗe yana kallonsa.

Ranar jarrabawar, Ummi na makaranta, ciwon ya sake bugun Malam a banɗaki. Injiniya ya bar firji a buɗe a shago ya garzaya da shi asibiti. Likita ta ce rai dai ya tsira, amma maganar ta tafi, kuma kada su sa rai da yawa za ta dawo.

Da yamma Ummi ta zo asibitin da kayan makaranta a jikinta. Ta gaida kakanta, ya bi ta da ido. A baranda ta fashe da kuka.

“Abba, irin tambayar ta fito. Amma 0.1666 suka kawo. Shidan ne kawai ke maimaituwa, ɗayan yana tsaye. Na rubuta sha shida bisa casa'in da tara. Ina fitowa ƙawata ta ce ɗaya bisa shida ne.”

Injiniya ya zauna a benci. Ya tuna yatsan tsohon a ƙasan kwali. In ba duka ba. Abin da yake ta ƙoƙarin faɗa ke nan, in ba duka lambobin ke maimaituwa ba, gajeriyar hanyar ba ta aiki. Saura kalma biyu ko uku ya gama, shi kuma ya rufe masa baki da abinci.

Bayan an sallame su, Injiniya ya rage zaman shago da rana. Wata rana ya jawo kujera bakin gadon, ya ɗauko biro da bayan wata takardar magani.

“Baba, ni ne yau ɗalibin. In na kauce ka buga.”

Ya rubuta x = 0.1666... Ya ninka da ɗari, 16.666..., ya shirya ɗebewa. Yatsan Malam ya bugi ƙarfen gado. Injiniya ya duba. Jelar ta sama tana farawa da ɗaya, ta ƙasa da shida, ba za su cinye juna ba. Ya yi ta juya biro, gumi yana tsattsafo masa. Can ya rubuta 10x = 1.666... Yatsan bai motsa ba. Ya ɗebe wannan daga 100x, ya sami 90x = 15. Sha biyar bisa casa'in. Ɗaya bisa shida.

“Ashe abin ke nan,” ya ce a hankali. “Ashe ba wuya.”

Malam ya lumshe ido ya buɗe. Leɓensa ya motsa, wani sauti ya fito wanda ba kalma ba ne. Injiniya ya matso da kunnensa ya jira. Ya jira har sautin ya mutu, bai ƙarasa masa ba, kuma bai gane ko yabo ne, ko gyara, ko ruwa yake so ba.

Ya zuba ruwan a kofi ya tallafo kan tsohon. Malam ya kurɓa kaɗan, ya juya fuska wajen taga, inda 'yan makaranta ke wucewa suna hayaniya.