Fatu Biyu a Kasuwar Tasawa

Bawa ya zo Tasawa sayen jar fata don kuben takobinsa. Baduku ya shimfiɗa masa guda biyu, ya ce, "Ga ja, ga tsanwa."

Bawa ya duba, ya ga duk launinsu ɗaya, kamar busasshiyar laka. Wato an ga baƙauye ke nan! Ya faki ido ya sauya wa fatun wuri, ya tare wani Bafillace da shigowarsa kasuwa ke nan.

"Malam, wacce ce ja?"

Bafillace ko tsayawa bai yi ba, ya nuna wadda baduku ya faɗa.

Bawa ya gane ashe matsalar a idonsa take. Ya tuno matarsa Zara'u, wadda ya kora gidansu bara don ta ce ɗanyen barkono ya tsinko, shi kuwa ya rantse ja ne.