Tukunyar Toka

Rosine tana miƙo kaya daga cikin ɗakin, ni ina bakin ƙofa ina ware na zubarwa da na ajiyewa, sai ta miƙo mini wata ƙaramar tukunya mai fasasshen murfi.

"Baba Tukur, wagga toka ta kawai," in ji ta.

Na leƙa, na ga toka ce kuwa, na ajiye ta gefe don ina da aikin da za ta yi mini.

Ɗakin na mahaifinta ne, Yohanna, wanda garkarsa, wato lambunsa, ke manne da tawa a bakin tabki, bayan garin Dogon Dutsi. Shekara talatin shinge ɗaya ya raba mu. Mun yi faɗa kan akuya, mun yi kan rijiya, ranar layya ya ci namana, ranar Nowel, Kirsimetinsu, in ci shinkafarsa. Tun da matarsa Henriette ta rasu, shekara uku ke nan, bai sake buɗe ɗakin garkar ba. Gara ta cinye azara biyu, rufi ya lotsa, ruwa ya zaizaye bangon gabas. A ciki muka tarar da hauya marar ƙota, igiyar guga ruɓaɓɓiya, da buhunan da ɓeraye suka haihu a ciki.

Da aka sallamo Yohanna daga gidan likita aka ce a ba shi duk abin da ransa ke so, kowa ya gane abin da ake nufi. Rosine ta taso daga Yamai, inda take aikin ungozoma. Abin da ransa ya so kuwa shi ne a gyara ɗakin nan. Na ce masa mutum yana kwance yana zancen gidan ɓeraye. Ya ce in ba zan iya ba in faɗa, ya nemi magini na ƙwarai. Ya san inda zai taɓa ni.

Kwana uku muka yi. Muka sauke rufin, muka sa sabbin azara, muka share ciki tas. Da na zo kwaɓa ƙasar yaɓe sai na juye tokar nan a ciki, yadda muke yi, don gara ba ta son toka. Na ji ƴan ƙwayoyi ƙarƙashin ƙafata, na ɗauka tsakuwa ce. Na yaɓe bangon gabas sumul, har na ja da baya ina yaba wa kaina.

Washegari aka kawo Yohanna a amalanken jaki, aka shimfiɗa masa tabarma a inuwar ɗakin. Ya duba sama, ya duba ƙasa, ya ce ƙofar ta karkace, alhali ba ta karkace ba. Sannan ya ce Rosine ta ɗauko masa ƙaramar tukunyar innarta, mai toka.

Rosine ta dube ni. Shi bai lura ba, ya ci gaba da bayani yana hutawa tsakanin kalmomi. Irin jar kuɓewa ne a ciki, wanda Henriette ta zo da shi daga Lugu tana amarya, na uwarta. Kowace shekara takan ware ƴaƴan farko su bushe, ta ɓare, ta binne irin cikin toka saboda ƙwari. Waɗanda ta taɓa ba su irin, duk sun gauraya shi da na kasuwa. Shekara uku ya kasa taɓa tukunyar, yanzu kuma yana tsoron irin ya mutu, don ba ya wuce shekara huɗu. Yana so ya gan shi cikin ƙasa da idonsa. Ashe dalilin gyaran ɗakin ke nan.

Na san ana ajiye wake a toka, da farin iri na gani da na gane. Amma irin kuɓewa launinsa ɗaya da toka, ni kuma na shekara goma ina sayen iri a ƴar leda. Kunyar da na ji ban taɓa jin irinta ba. Rosine ta fara cewa ita ce ta zubar, don ta rufa mini asiri. Ban bar ta ta ƙarasa ba, na nuna masa bangon.

Ya daɗe yana kallonsa. Na so ya zage ni, da ya fi mini sauƙi.

"Yaushe kay yaɓe?"

"Jiya da marece."

"Bai bushe ba ke nan. Ka ba shi ruwa, sahe da marece. Kada ka kwara, yayyahi za ka yi."

"Bangon?"

"Bangon hwa. Kai ka shibka, kai za ka yi ban ruwa."

Haka na zama mai yi wa bango ban ruwa. Na jingina masa zana don kare shi daga ranar safe, ina tsoma tsintsiya a bokiti ina yayyafawa. Matata Ummukulsum ta ce mata a bakin rijiya suna tambayarta ko lafiyata ƙalau. Yaɓen da na yi alfahari da shi ya fara jiƙa yana zamewa. Kowace yamma nakan biya gidan Yohanna, ya ɗago ido, in ce tukuna. Rana ta biyar ya daina karɓar ko kunu. Na yi tunanin in yi masa ƙarya, amma mutumin da ya shekara talatin yana kama ni, ba ranar zan fara cin nasara a kansa ba.

Rana ta shida da safe na janye zanar, na ga tsiro uku, kamu ɗaya daga ƙasa, sun lanƙwaso kai daga jikin bango. Na sa wuƙa na yanko ɗaya da ƙasarsa, na sa a ƙoƙo, na nufi gari da saurin da ban san ina da shi ba.

Na tarar idonsa ya daina gani sosai. Rosine ta kama yatsansa ta ɗora a kan ganyen.

"Mi ne launin karan?" ya ce.

"Ja."

"Ita ta."

Maganarsa ta ƙarshe ke nan. Ya cika bayan azahar. Washegari aka kai shi majami'a, mu maƙwabta muka tsaya a inuwar waje har aka gama, muka raka shi makwancinsa. Da Rosine za ta koma Yamai ta ba ni makullin ɗakin, ta ce in ajiye mata rabon iri.

Tsiro goma sha ɗaya suka fito a bangon. Na cire goma na dasa a fangali kusa da rijiya, bangon ya zama ramuka ramuka, har yau ban cike su ba. Ɗaya ta fito can sama kusa da azara, inda in na haƙa rufin zai motsa, sai na bar ta. Da safen nan na taka bokiti na yayyafa mata ruwa. Ta yi ganye na huɗu, ta karkata wajen tabki.