Barcin Mai Burodi

Duk wanda ya ƙirƙiro dogon hutun makaranta bai taɓa yin aikin dare ba. Wannan maganar Mai Burodi yake ta nanatawa a ransa tun ranar da aka rufe makarantu, kuma ni dai ban ga laifinsa ba.

Shekara tara ke nan yana tsaye gaban tanderu a gidan burodin da ke bayan tashar mota. Da an ci abincin dare yake fita, sai gari ya waye ya dawo, gashin hannunsa fari da fulawa, idanunsa jajur. Lokacin karatu komai a tsare yake. Ya shigo, matarsa ta miƙa masa shayi ta wuce asibitin da take aikin ba da kati, ya raka 'ya'yansa mata uku bakin titi su hau motar makaranta, ya hauro sama ya ja labule, shi ke nan sai ƙarfe ɗaya. Awa biyar cur. Da wannan barcin yake riƙe da aikinsa, don tanderu bai san uzuri ba. Minti biyar ka ƙara wa burodi a ciki, gawayi za ka kwaso.

Sai ga hutu, mako shida, a tsakiyar zafi.

Gidan ciki da falo ne a hawa na biyu, da wata 'yar baranda da mutum biyu ba sa iya giftawa a cikinta. Ƙasa garejin gyaran motoci ne, gaba kuma titi, motoci ba sa tsayawa ko don tsoho mai sanda. Ba inda za a ce wa yara su je su yi wasa. Ga Yaya mai shekara tara, ga ta tsakiya mai shida wadda kowa ke kira Rediyo saboda bakinta ba ya mutuwa, ga Auta mai huɗu. Dukansu a falo ɗaya, shi kuma bango ɗaya ne tsakaninsa da su.

Maman yara ta yi iya ƙoƙarinta. Ta kwafo wani jeri daga wayar abokiyar aikinta, ta rubuta shi tsaf a takarda ta manna a jikin firij: wasanni goma sha biyar da za su sa yara nishaɗi a gida lokacin hutu.

"Ka ga, kullum ɗaya," ta ce, tana ɗaura ɗankwali. "Ka nuna musu kawai, ka je ka kwanta."

Mai Burodi ya karanta takardar tun daga sama har ƙasa. Ya gane abu biyu game da wanda ya tsara ta: yana da fili a gidansa, kuma ya yi barci ya ƙoshi kafin ya zauna rubutu.

Amma ya gwada. Ranar farko aka jera robobin ruwa ana jifansu da ƙwallo. Kowace faɗuwa sai ihu, har makanikin ƙasa ya ɗago kai ya tambaya ko rushe benen ake yi. Rana ta biyu ɓoyon kaya ne. Ya ɓoye cokali, suka gano shi cikin minti huɗu, suka ce ya sake, kuma wurin da suka fara dubawa a karo na biyu ƙarƙashin matashin da ya ɗora kansa ne. Rana ta uku aka kafa tanti da zanen gado, sai ya zamana babu abin da zai riƙe tsakiyar tantin sai kan Baba.

Rana ta huɗu ya bar takardar ya ƙirƙiro nasa. Ya ce yau asibiti za a yi, shi ne mara lafiya, kuma likita ya ce kada a tashe shi. Ya miƙe a tabarma yana yaba wa kansa wayo. Bai kai minti goma ba Rediyo ta ɗage masa fatar ido ta haska tocila, tana yi wa 'yan'uwanta bayanin cutar da ta gani, Auta kuma ta soka masa biro a cinya ta ce allura ce, kada ya yi kuka.

A ƙarshen makon nan ya ƙona burodi karo na farko a rayuwarsa. Zama kawai ya yi a kan buhun fulawa don ƙafarsa ta huta, sai wari ya tashe shi. Manaja ya dubi baƙaƙen gwangwanayen da aka jera a ƙasa, ya dube shi, ya ce tunda bai taɓa ba, an bar shi a tsautsayi.

Tsoro ya shiga Mai Burodi, tsoro kuma ya kawo masa dabara. A mako na biyu ya roƙi ragowar kwaɓin da ake kankarowa daga jikin inji, ya dunƙule shi a leda ya taho da shi gida. Ya baje musu a kan faranti, ya yanka wa kowa rabonta.

"Ga shi nan. Kowa ta gina abin da take so. Wadda nata ya fi kyau, ni zan faɗa in na tashi. In na tashi, na ce, ba in an tashe ni ba."

Abin mamaki, falo ya yi tsit. Ta ƙofar da ya bari a buɗe ya hango Yaya tana murza tayoyin mota, Rediyo ta fito da harshe tana gina gida mai bene, Auta tana manna wa wata dunƙula ƙafafu huɗu tana cewa akuya ce. Ya ji daɗi har cikin ƙashinsa. Ya ce ashe maganin yana hannunsa shekara tara bai sani ba. Ya juya ya fuskanci bango.

Ƙarar Auta ce ta ɗaga shi tsaye kafin ma ya buɗe ido.

"Baba! Akuyata ba ta da lafiya! Ta kumbura!"

Ta kumbura kuwa. Ƙafafun sun shige ciki, kan ya haɗe da wuya, akuya ta koma curi mai sheƙi. Motar Yaya ta manne da benen Rediyo. Ragowar kwaɓin da Rediyo ta ɓoye a kwanon abincin uwarsu don kada a taɓa mata ya ture murfin ya gangaro kan kujera. Mai Burodi ya tsaya yana kallo, hannu a ƙugu. Shi da yake iya duban kwaɓi daga nesa ya faɗi mintin da ya rage ya tashi, shi ne ya kawo kwaɓi mai yis cikin falon da ya fi ɗakin tashin kwaɓi zafi, ya je ya kwanta. In da sabon ma'aikaci ne ya yi wannan, da ya yi masa dariya har wata ya ƙare.

Minti arba'in ya samu a ranar. Sauran yinin ya tafi ne a kankare kujera da tsefe kwaɓi daga gashin Auta, tana kuka, Rediyo tana ba da labarin yadda abin ya faru tun daga farko, sau uku.

Da gari ya waye a wurin aiki, wasu gwangwanayen ne baƙi ƙirin a jere a ƙasa. Wannan karon ma bai zauna ba. A tsaye barcin ya ɗauke shi, goshinsa a jikin bango.

Manaja ya jira sauran suka watse, sannan ya ja shi gefe. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi faɗan da ya fi sauƙi.

"Ni ba na son rabuwa da kai," ya ce. "Amma kantuna shida yau ba su sami burodi ba. In aka yi na uku, kada ka jira in yi magana. Ka rataye rigar aikin ka tafi, mu rabu da mutunci."

A bakin ƙofar gida ya ci karo da matarsa, jaka a kafaɗa, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Ya gaya mata a tsaye, murya ƙasa-ƙasa.

Ta jingina da bango. "To yanzu ya za mu yi?"

"Ƙanwarki fa? Ta riƙe mana su ko mako ɗaya ne."

"Da jaririn kwana ashirin, a ɗaki ɗaya? Haba, Baban yara."

"Ke ba za su ba ki hutu ba?"

"Na tambaya tun kafin a rufe makaranta. Mu biyu ne a tagar kati, ɗayar kuma ta riga ni." Ta duba agogon wayarta, ta sa ɗayan takalmin. "Wallahi na makara. Ka daure, in na dawo ma yi magana."

Ya san babu maganar da za a yi in ta dawo, ita ma ta sani. Da ya juya zai shiga, ya ga Yaya a tsakiyar falo da buroshi a baki, ba ta goga ba, tana dai riƙe da shi. Bai da ƙarfin tambayarta abin da ta ji. Bai dubi takardar firij ba, bai ce wa kowa ga wasan yau ba. Ya wuce ciki ya faɗa kan gado da kayansa, yana jiran wadda za ta fara kiran sunansa.

Da ya farka, hasken rana ya bar tagar gabas ya koma bangon da bai saba ganinsa a kai ba. Fankar tsaye, wadda a falo take zama, tana gefen gado tana hura masa iska. Ƙofa a rufe. Ya lalubo waya: ƙarfe uku saura. Ya yi awa bakwai.

Jikinsa ya yi sakayau, kansa ya washe, rabonsa da jin haka tun kafin hutu. Sai shirun ya dake shi. Gidan da ke da Rediyo a ciki ba ya yin irin wannan shirun sai in wani abu ya faru. Ya diro daga gado, ya fizgi ƙofar ta yi ƙarar nan tata mai shiga haƙori.

Suna nan su uku, zaune a ƙasa, bayansu a jikin bango. An rufe tagar baranda don kada bugun gudumar gareji ya shigo, falon ya zama tanderu. Talabijin a kashe. Rigunansu sun jiƙe sun manne. A gabansu ledar burodi ce da kofin ruwa ɗaya. Rediyo ta ɗaure bakinta da ɗankwalin uwarta, da kanta, don ƙullin a gaba yake.

"Me kuke yi haka?"

Ƙananan suka dubi Yaya.

"An tashi," Yaya ta ce musu. "Yanzu kowa na iya magana." Sannan ta juyo gare shi. "Wasa muke yi. Sunansa Baba ya yi tafiya. Duk wadda ta kira ka, ko ta taɓa ƙofa, ta faɗi."

Rediyo ta zare ɗankwalin. "Ni ban faɗi ba! Ko sau ɗaya! Na so in yi tari ma na haɗiye!"

Auta ce kaɗai ba ta motsa ba. Tana zaune a kan tsumman goge ƙasa, ta haɗe gwiwoyinta, ta sunkuyar da kai. Sai a lokacin ya ji warin. Banɗakin gidan ta cikin ɗakin barci ake shiga, ta wannan ƙofar mai ƙara.

"Tun ɗazu ta ce tana ji," Yaya ta ce. "Na ce ta riƙe. Ta riƙe, ta riƙe, sai ya zubo. Amma ba ta yi kuka da ƙarfi ba, Baba. A hankali ta yi."

Ya durƙusa ya ɗauki Auta. Jikinta zafi, wuyanta duk ƙurajen gumi. Ta sa baki a kunnensa ta yi raɗa, kamar har yanzu ba a tashi ba.

"Baba, na faɗi?"

"Ba ki faɗi ba," ya ce. "Ke kika ci."

Ya kai ta banɗaki ya wanke ta, ya buɗe taga, ya dawo da fanka falo, ya dafa musu shayi. Duk abin da yake yi, kunya na cin sa, kuma abin da ya fi ci masa rai shi ne jikinsa bai daina jin daɗin barcin ba. Idonsa na ganin komai tar. Yau ko an rufe masa ido ba zai ƙona burodi ba, ya san wannan sarai.

Yaya ta zo ta tsaya kusa da shi yana wanke kofuna.

"Ka yi barci sosai?"

"Na yi."

"Ba za su kore ka ba ke nan?"

Ya ajiye kofin. "Ba za su kore ni ba."

"To gobe ma mu yi?"

Ya so ya ce a'a. Kalmar ta zo har bakinsa. Ya dubi falon, ya dubi bangon da suka jingina da shi awa bakwai, inda gumin bayansu ya bar tabo uku da bai gama bushewa ba. Saura mako huɗu a koma makaranta.

"Ku kai bokiti baranda saboda Auta," ya ce, bai dube ta ba. "Gobe ma ku yi."