Za Mu Kai Yaya Ganin Gonaki

Maigidanta ne ya kawo shawarar, Auta kuma ta ce to, don ba ta da sauran ƙarfin cewa a'a. Ranar Asabar za su sa yayanta a mota, su ce masa shan iska za a je, a bi ta ƙauyuka a kalli gonaki tunda damina ta kankama. A ƙarshen hanyar akwai asibitin masu taɓin hankali. An riga an yi magana da likita, gado yana jira.

Yaya ya daɗe da daina shan maganinsa. Makon jiya ya kunna gas a kicin, ya fita ƙofar gida ya zauna, wai yana so warin ya kori mutanen da ke yi masa magana ta cikin silin. Yarinyar da Auta ta haifa tana barci a ɗaki a lokacin. Allah dai ya kiyaye. Auta ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta buɗe tagogi, ta ɗora girki, tun daga nan kuma ba ta ƙara jin komai ba, kamar dasashin da aka yi wa allura kafin cire haƙori.

Wancan karon dangi ne suka yi hayar ƙarti suka ɗaure shi suka kai shi. Da ya fito bai ƙara yarda da kowa ba sai ita. Daga hannunta kaɗai yake karɓar abinci. Dangin kuwa, masu iya ba da shawara ta waya, sai suka ce ai shi ke nan, tunda ita yake ji, ita za ta kai shi.

Da la'asar ranar Juma'a suna falo, maigidan ya buɗe taswira a wayarsa. Direban tasi ne, a wurinsa kyakkyawar hanya ita ce wadda ba ta shan mai.

"Mu hau babban titi kawai," ya ce ƙasa-ƙasa. "Kafin ya farga mun isa."

"Babu gona ko ɗaya a babban titi," in ji Auta. "Gidajen mai za mu ce ya kalla?"

"To ke kika sani. Ni dai kada ya buɗe min ƙofa mota tana gudu."

Sai ga Yaya a bakin ƙofa, da rigar da ya kwana uku da ita, gemu duk ya cukurkuɗe. Ya tambayi abin da ake kallo. Maigidan ya dubi Auta, wato ita za ta amsa.

"Yawo za mu je gobe, Yaya," ta ce. "Ganin gonaki. Za ka zo?"

Ta yi mamakin yadda maganar ta fito sumul. Ta zaci harshenta zai sarƙe, amma ko gezau.

Kafin ciwon ya kama shi malamin gona ne, ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan babur daga wannan ƙauye zuwa wancan. Ya zauna a hannun kujera, ya karɓi wayar, ya matso da ita kusa da ido. Rabon da ya nuna sha'awar wani abu har ta manta.

"Wa ya zaɓa muku wannan hanyar? Ai kwalta ce zalla." Ya ja yatsa a kan gilashin. "Ku sauka a bayan kasuwar dabbobi. Akwai gargada, amma masara tana nan hagu da dama, yanzu ta fitar da gemu. Sai gada. In an tsallaka, shinkafa ce iya ganinka, da balbelu a ciki. Suruki, motarka za ta iya taɓo?"

"Ta iya wanda ya fi shi," in ji maigidan, yana dariyar da ta fi ƙarfin maganar.

"Ƙarya kake, ko tudun ƙofar gida sai an tura ta."

Suka yi dariya su biyu. Auta tana ninke kayan wanki a cinyarta. Ta ninke tawul, ta warware, ta sake ninkewa.

Yaya ya ci gaba. Ya ce a tafi da sassafe kafin rana ta kwantar da ganye. A tsaya a gindin mangwaron da ke kusa da injin niƙa, a sha shayi. A riƙe tabarma. Daga nan a bi ta gonakin rake. Yatsansa ya bi rake har inda ya ƙare, ya tsaya. Bayan raken babu komai a taswirar sai gini ɗaya, da katanga ta zagaye shi.

Ya daɗe yana kallon wurin. Maigidan ya ce bari ya duba man mota, ya zame ya fita.

Yaya ya ajiye wayar a kan tebur a hankali, fuskarta ƙasa.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Ki sa min silifas a jaka. Ba sa barin takalmi mai igiya a can. Wancan karon ƙafa ba takalmi na yi ta yawo."

Ta so ta musa, ta so ta ce saboda yarinya ne, saboda gas ne. Ta laluba cikinta ko za ta samu kunya ko tausayi, ba ta samu komai ba sai gajiya.

"To," ta ce.

Ya tashi. A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba.

"Da kin ce min asibiti, da na bi ki. Ke ce fa." Ya dafa ƙofar. "Amma a bi ta gadar. Ina son in ga shinkafar."

Da ta kai masa abincin yamma, ya ce ta ajiye a ƙasa, zai ɗauka da kansa. Ta ajiye. Da safe ta tarar da kwanon a inda ta bar shi, ko murfin bai ɗaga ba, shi kuma yana zaune a kujerar baya ta motar, ya yi wanka, yana jira.