Yatsan Mahaifiyar Kansila

Shekara biyu ke nan da zaɓen kansilanmu, kuma tun ranar ba mu sake ganin ko ƙeyarsa ba. Da ruwan kwata ya cika ya shiga shagon tela, sai tela ya rantse sai an yi wa kansila kiranye.

Jami'in zaɓe ya karanta mana sharaɗi: sai fiye da rabin masu rajista sun dangwala yatsa, kowa da katinsa. Muka yi mako uku muna bi gida-gida. Ranar miƙa takarda, jami'in ya soke sunan mamata huɗu da wanzami ya dangwala wa don kara, sai ya zama saura mutum ɗaya adadin ya cika.

Muna tsaye cirko-cirko sai ga mahaifiyar kansila tana dogara sanda, riƙe da katinta.

Ta ce, "Nan ne ake kiranyen?"

Tela ya rusuna. "Iya, wannan fa ba irin wanda malamai ke yi wa ɗan da ya shiga duniya ba ne. Sauke shi za a yi daga kujera."

"Motar fa?"

"Za a karɓe."

"Gidan birnin?"

"Na gwamnati ne."

"To ina zai kwana?"

Tela ya sosa kai. "Sai dai ya dawo wurinki."

Ta miƙa wa jami'in babban yatsanta. "Malamai uku suka gwada suka kasa. Shafa tawadar da kyau, ɗana."