Ƙofar da Ke Saman Gadon Tihana

…ba kifi ba ne. Kifi ba ya irin wannan warin, ko da Baba ya manta shi a kan garwashi yana musu da rediyo. Wannan roba ce. Roba mai narkewa.

Tihana tana kwance a gadon sama, can ƙuryar ɗakin kwanan da ke ƙasan jirgin ruwan mahaifinta, ido biyu, jiki ya ƙi motsi. Rana tsaka ce. An yi nutson safe, an ci an ƙoshi, an jefa anga a wani lungu bayan tsibirin Vis, baƙin da suka zo yawon nutso duk sun gangaro sun zube. Ga Bajamushen nan yana minshari, ƙafa ɗaya na lilo. Ga matan nan 'yan ƙasar Cek a gadajen ƙasa. Kowa na barci, ita kaɗai ce... to ko hancinta ne? Tun da cikin nan ya shiga komai wari yake mata, sabulu, man inji, har hular Baba. Cikin da ba ta gaya wa kowa ba, ko mijinta Frane, da ke can cikin jirgin dakon kaya inda waya ba ta kamawa.

A'a. Roba ce.

Matakala ɗaya ce ke fita daga ɗakin nan, kuma ina take kaiwa? Kicin. Me ke kan teburin kicin? Baturan fitilun nutso, kyamarori, wayoyi, kowa ya zo ya soka nasa, caja a kan caja. Ta faɗa, ta sake faɗa, har bakinta ya gaji. "Ke dai 'yar ɗan inshora ce, ba 'yar masunci ba," in ji Baba.

To, a kwantar da hankali. Ai don irin wannan aka yi 'yar ƙofar tsira. Ga ta nan daidai saman fuskarta, murfin katako mai faɗin kafaɗun mutum, a tura shi sama a ɓullo gaban jirgi. Ita ke nuna wa baƙi duk tafiya — in wuta ta tare matakala, ku hau gadon nan, ku tura. Har takan sa mai tumbin cikinsu ya gwada, a yi dariya. Wannan karon ne kawai... ranar tashi tana can baya tana amai a ɓoye, Baba ne ya yi musu bayani. Bayanin Baba kuwa an san shi: "Ga banɗaki, ga rigunan ruwa, kada wanda ya taɓa min sitiyari." Shi ke nan, an gama.

Hannunta ya kai. Tana turawa.

Bai motsa ba.

Kumbura ya yi? Katako yakan kumbura. Hannu biyu, to. Tana turawa har gwiwar hannunta na rawa, murfin ko gezau, kamar bango take turawa. Yatsunta na bin gefen, suna neman sakata... babu sakata, ba a taɓa sa masa sakata ba. Sai wani abu mai laushi. Ulu. An yayyanka bargo an cusa shi a duk kewayen, an danna da bakin wuƙa, a tsanake, ko allura ba za ta shiga ba. Ta san bargon. Mai ruwan tokan nan ne na gidansu a garin Komiža.

Baba. Wa zai yi wannan in ba Baba ba?

Propuh, haka suke ce mata a yarensu. Iskar da ke shiga ta wata kafa ta fita ta wata, ta bi ta bayan wuyan mutum. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana faɗa da guguwa a teku, bai taɓa cewa wayyo ba, amma a buɗe taga biyu a ɗaki ɗaya sai ka ga ya miƙe. Cikin Agusta, motarsu kamar tanda, tana yarinya tana kuka a baya, gumi har cikin ido — "Rufe gilashin nan, so kike bakinki ya karkace?" Da Mama ta kwanta ciwonta na ƙarshe likitoci sun faɗi sunan cutar ƙarara, ya ji da kunnensa, ya gyaɗa kai, ya dawo gida ya ce wa maƙwabta ai a bakin ƙofar coci ta zauna da jiƙaƙƙen gashi. Duk garin haka suke. Ita kanta ba ta zama a kan siminti mai sanyi, ba ta san dalili ba.

Amma bargo ba ya da nauyi. Wannan akwai abu a kansa.

Warin ya ƙaru. Ko bai ƙaru ba? Ya ƙaru, har maƙogwaro. Ta taɓa ganin jirgi yana ci da wuta a bakin tashar jiragen ruwa, tana 'yar makaranta, hayaƙi baƙi ƙirin, maza na gudu da bokitai, kafin su kai na biyu babu abin kashewa. Kuma wancan babu kowa ciki. Nan fa? Ta yi ihu? In ta yi ihu duk za su farka su yi matakala, a duhu, cikin magagi, kowa da yarensa, wani kan wani, wuta kuma tana jiransu a sama. In ba ta yi ba...

Ta juya rigingine, ta kafa tafin ƙafafunta a murfin. Da ƙarfin cinya, kamar yadda take tura kwale-kwale daga kan dutse. Ɗaya — mararta ta ɗaure. Ta tsaya cak. A'a, a'a, kai zauna, zauna inda kake. Ɗan cikin nan ko girman ɗan zaitun bai kai ba tukuna. Saboda shi ta daina nutso, ta ce kunne ne ke mata ciwo. Saboda shi take ture kofin giyar da Baba ke sirka mata da ruwa. Ta kare shi daga zurfin teku don ya zo ya shaƙi hayaƙi a gado? Tsoro take ji, tsoron da ba ta taɓa ji a ƙarƙashin ruwa ba, don can ko yaushe akwai sama.

Dunƙulen hannu, to. Tana dukan katakon. Tana duka, tana duka...

Taku a sama. Takun mai jan ƙafar hagu. Ya tsaya daidai kanta.

"Tihana? Me kike fasa min?"

"Baba, hayaƙi..."

"Cajar Bajamushen nan ce ta narke. Na fizge, tana cikin bokiti. Kayan banza, an ba su kyauta sun karɓa. Koma ki kwanta."

An kashe. An kashe. Numfashi na dawowa guntu-guntu.

"Me ka ɗora kan ƙofar nan?"

"Akwatin dalma."

Dalmar da masu nutso ke ɗaurawa a ƙugu. Akwatin da sai maza biyu sun kama, suna nishi.

"Ɗauke shi, Baba. Don Allah. Yanzu."

Ƙarar ruwa a jikin jirgi. Sannan muryarsa ta sauko ƙasa-ƙasa, ta tsakanin katako, yadda baƙi ba za su ji ba.

"Iska na sauka daidai kan ƙodarki. Mace mai juna biyu ba ta kwana ƙarƙashin iska, 'yata. Uwarki ma ban bari ba."

Takun ya yi gaba.

Ya sani. Tun yaushe? Bai tambaya ba, bai ce komai ba, ya je ya yanka bargonsa, ya jawo akwatin nan shi kaɗai da wannan bayan nasa da ko takalmi ba ya iya ɗaurawa. Hawaye na gangarawa cikin kunnuwanta, ba ta san ko na haushi ba ne.

Za ta tashi. Za ta roƙi Bajamushen ya kama mata su janye akwatin, ta zare bargon, ta tara cajojin nan ta hana. Baba zai tsaya yana kallo, ta san shi. Zai jira ta yi barci... sai ya sake jawo shi, sannu-sannu, don kada ƙarar ta tashe ta.

Kuma da sauran kwanaki kafin su ga tasha.